Ƙugi a Jitar Baba

Duk layin masu gyara Injiniya ake ce mata, har waɗanda suka san sunanta na yanka sun daina kiran ta da shi. Shagonta shi ne na uku daga bakin titi, tsakanin mai walda da mai gyaran firji. Aikinta naɗin kwayil. Fankar da ta ƙone, injin famfon da ya sha ruwa, injin niƙan da ya yi hayaƙi, duk wurinta ake kawowa. Ta kwance ƙonanniyar waya, ta ƙirga zagayenta, ta naɗa sabuwa, ta gwada a gaban mai kaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan sana'a, kuma ba ta cika yawan magana a kan aikinta ba. In ta ce abu zai tashi, to zai tashi.

Wata Talata da hantsi tana cikin kankare wata fanka, sai ga Kawu mai ganga ya faɗo shagon yana haki, rungume da wani dogon baƙin akwati. Ba ƙanin uwarta ba ne, abokin babanta ne tun suna samari, tare suka yi shekara arba'in suna kiɗa a ƙungiya ɗaya. Ta buɗe ido ta gan shi a gidansu, shi ya sa Kawun ya bi shi.

"Sannu da zuwa, Kawu. Wannan ai jitar Baba ce."

"Ita ce. Rage murya."

"Ya san ka ɗauko ta?"

"Da ya sani, da kin gan ni da ƙafa biyu?"

Ta tura masa kujera, ta goge hannu. Kawu ya zauna ya kwashe labari ya gaya mata. Wani mai situdiyo ne ya nemo su, su huɗun da suka rage a ƙungiyar, ya ce yana so ya naɗi tsofaffin kiɗe-kiɗensu tun suna da ƙarfin yi. Jiya suka fara. Ana jona jitar Baba, sai wani ƙugi ya cika ɗakin, zuuu, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Mai situdiyo ya canja waya, ya canja amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ya kashe fitilu biyu, ƙugi yana nan. Da ya ce laifin jitar ne, Baba ya miƙe ya ce shi bai ji wani ƙugi ba, jitarsa ta girmi uban situdiyon, in na'urarsu ce ba ta da lafiya su faɗa. Ya saɓa akwatinsa ya fita.

"Yau da safe na je gidan ba ya nan, ummanki ta miƙo mini ta," in ji Kawu. Ya zura hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙarfe mai faɗi, an naɗe shi a hankici. "Mai situdiyo ya ba ni wannan. Hambaka sunansa. Ya ce a cire na jikin jitar a sa wannan, ƙugi zai mutu murus. Ke kuwa minti nawa ne a wurinki? Ki sa, na mayar da ita inda take kafin ya dawo."

Injiniya ta buɗe akwatin. Ta san jitar nan kamar yadda ta san tafin hannunta: ja ce, fentin ya goge a inda damtsen Baba ke gogawa, katakon ya fito fili. Ƙarƙashin tsirkiyoyin ga fikof guda uku a jere, sirara. Su ne kunnuwan jita, ƙananan maganaɗisu da aka naɗe da waya, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su aika wa amfilifaya. Na Baba masu kwayil ɗaya ne, waɗanda ake ce wa singil. Muryarsu siririya ce mai kaifi, har daga nan aka sa masa laƙabin Kaifi. Aibinsu guda: duk wata wutar lantarki da ke yawo a ɗaki sai sun kwaso ta. Shi kuwa hambaka kwayil biyu ne a haɗe, an naɗa su suna saɓa wa juna, ƙugin da wannan ya kwaso sai wancan ya kashe shi.

Ta juya hambakan a hannunta, ta mayar da shi cikin hankicin.

"Kawu, ba na taɓa kayan mutum a bayan idonsa, balle na ubana."

"To ya za a yi? Ranar Alhamis ta sama za mu koma. In aka sake yin irin ta jiya, shi ke nan, an rufe littafinmu."

"Ba a rufe komai ba. Ka roƙi mai situdiyo ya ara mana jita mai hambaka. Ranar Asabar da safe ka same ni a gida da ita. Wannan kuma ni zan mayar wa mai ita da hannuna."

Da la'asar ta kai jitar gida. Baba yana falo ya ƙure rediyo, har gilashin taga na rawa. Da ya ga akwatin a hannunta, ya haɗe rai.

"Uwata, har da ke a cikin masu yi mini taron dangi?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai wannan.

"Ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba, Baba. Gwaji kawai nake so mu yi ranar Asabar. In babu ƙugi, ni da kaina zan je in gaya wa mai situdiyo ya nemi gafararka."

"To ki shirya tafiya," in ji shi. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ranar Asabar da sassafe ta iso da na'urar awonta a jaka. Kawu ya riga ta zuwa, da wata baƙar jita mai ƙyalli. Aka matsar da teburin tsakiya, aka jawo tsohuwar amfilifayar Baba daga lungu. Umma ta zauna a bakin ƙofa da tiren shayi, ta ce ita alƙaliya ce, ba ruwanta da kowa.

Injiniya ta fara miƙa masa baƙar jitar. Ya karɓe ta kamar an ba shi jaririn maƙwabta, ya daidaita tsirkiyoyin, ya taɓa. Ɗakin tsit yake, babu ko ɗigon ƙugi. Sautin ya fito da kauri, mai taushi, mai cika ɗaki. Kawu ya dinga gyaɗa kai yana kallon ta, alamar ga shi nan ai na gaya miki.

Ita kuwa ta rufe ido tana sauraro. Kiɗan ya yi daɗi, babu ƙarya. Amma akwai wani wuri a tsohon kiɗan nan da Baba ke ɗan tsinke tsirkiya da farce, sautin ya yi tsalle ya fita kamar an ƙyasta ashana. Tun tana yarinya da wannan take gane kiɗansa daga nesa, ko da makaɗa goma ne a wuri. A baƙar jitar, da aka zo wurin, sai ashanar ta ƙi kamawa. Yatsun na Baba ne, muryar ta kowa da kowa ce.

Baba ya tsaya a tsakiyar kiɗan, ya ajiye ta a kan kujera.

"Wannan kamar mutum ne ke magana da lomar abinci a baki. Ba ni tawa."

Ta jona jar jitar. Kafin ma ya taɓa tsirkiya, ƙugin ya taso, zuuu. Umma ta yamutsa fuska. Kawu ya kalli silin.

"Kun gani?" in ji Baba. "Ina ƙugin?"

Injiniya ta ƙara murɗa amfilifayar, ƙugin ya ƙara ƙarfi, har cokali ya fara kaɗawa a kan tire.

"Baba, yanzu fa?"

"Yanzu me?"

Ta daɗe tana zargin kunnensa ya yi nauyi, yau dai ta tabbata. Ta taso ta durƙusa kusa da shi, ta kama hannunsa na dama, ta ɗora tafin a kan ƙyallen da ya rufe lasifikar.

"An ce gani ya kori ji. To yau taɓawa za ta kore su duka. Me ka ji a hannunka?"

Ƙyallen na kakkarwa a ƙarƙashin tafinsa. Ta zare wayar jitar, kakkarwar ta tsaya cak. Ta mayar, ta dawo. Sau uku tana yi, yana kallon hannunsa.

Can ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

"Kashe," in ji shi.

Ta kashe amfilifayar.

"Kin kashe?"

"Na kashe, Baba."

"To ni har yanzu ina jin sa." Ya nuna kunnensa na hagu, sannan na dama. "Ya fi shekara uku yana nan. Ko an ɗauke wuta yana nan, ko a masallaci yana nan. Ni na ɗauka nawa ne ni kaɗai. Ashe akwai wani a waje da ke damun jama'a."

Umma ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Malam, shekara uku, ko sau ɗaya ba ka faɗa ba? Ni ina nan ina cewa rainin wayo ne ya sa in na kira ka ba ka amsawa."

"Wani lokacin rainin wayon ne," in ji shi. Kawu ya fashe da dariya, har ya ƙware.

Amma Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki jar jitar, ya shafa wuyanta, ya miƙa wa Injiniya da hannu biyu.

"Uwata, cire su. Sa musu hambakan. Wanda ba ya ji ai ba shi da bakin zaɓe. Kada in ɓata wa mutane aiki."

Ta karɓa, amma ba ta motsa ba. Ba ta taɓa ganin ya sauka daga kan maganarsa da sauri haka ba, kuma abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

"Ba zan sa ba."

Kawu ya zabura. "Ke kuma! Mai kaya ya yarda, ke kin ƙi?"

"Kawu, mai situdiyo wa ya je nema? Wani mai jita, ko Kaifi? In mai jita yake so, ga su nan birjik a gari, samari masu yatsu kamar walƙiya. Kaifi ya nema. Ka ji shi yanzu a kan baƙar nan. Tsakaninka da Allah, shi ka ji?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Ya ɗan yi nauyi, gaskiya."

"Hambaka ba shi da laifi. Wanda ke son sauti mai kauri, ko zai ƙure amfilifaya a babban fili, shi ne daidai da shi. Amma ba a yi wa mutum maganin tari a ɗauke masa murya. Ku ba ni kwana huɗu."

"Ƙugin fa?" in ji Baba.

"Ƙugi aikina ne. Kai dai ka yi naka."

A shago ta share benci ƙal, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta kwance fuskar jitar. Da ta sa na'urar awo a kan fikof ɗin ɗaya bayan ɗaya, na sama ya amsa, na ƙasa ya amsa, na tsakiya ko motsi. Wayarsa ta tsinke a ciki, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ta yi murmushi, don abin ya zo mata daidai. Tunda dole a sake naɗa shi, sai ta naɗa shi baibai, ta juya maganaɗisunsa. In aka haɗa shi da na sama ko da na ƙasa, za su kashe wa juna ƙugi kamar yadda hambaka ke yi, alhali kowanne yana nan a singil ɗinsa, da tazara a tsakaninsu, kaifin ba zai dushe sosai ba.

Faɗar abin ta fi yinsa sauƙi. Wayar fanka da ta saba da ita igiyar guga ce in aka kwatanta da wannan. Sai da ta zaga shaguna biyar kafin ta samo mai sirantar da take so, wadda ta fi gashin kai siranta. Ta ɗaura fikof ɗin a kan injin naɗinta na hannu, ta fara juyawa a hankali, wayar na bi ta tsakanin yatsunta biyu. Zagaye kusan dubu takwas ake bukata. A na dubu biyu da wani abu, mai walda ya buga guduma a jikin bango, hannunta ya motsa, waya ta tsinke. Ta kwance duka ta sake. A karo na biyu ta kai dubu biyar, gumin yatsa ya riƙe wayar, ta sake tsinkewa.

Ta fita ta tsaya a ƙofar mai walda.

"Maƙwabci, gobe daga ƙarfe bakwai zuwa tara, ina roƙon arziki kada ka buga komai."

"Lafiya, Injiniya? Tiyata za ki yi?"

"Kusan haka."

Washegari ta zo da hoda ta shafa a yatsu, ta kashe fanka don kada iska ta kaɗa wayar, ta zauna. Ba ta ɗaga kai ba sai da maƙirgin injin ya nuna abin da take so. Ta liƙe bakin wayar da dalma, ta auna, allurar na'urar awo ta tashi ta tsaya inda ya kamata. Ta tsoma shi a narkakken kakin zuma don wayar ta zauna daram. Sannan ta bi ramin da ke jikin katakon ta lulluɓe shi da fallen jan ƙarfe, ta haɗa da wayar ƙasa, ta canja wata tsohuwar waya da ta yi tsatsa. Da ta jona a ƙaramar amfilifayar gwaji, ta tura makunnin zaɓen fikof da ke jikin jitar zuwa inda na sama da na tsakiya ke haɗuwa, sai ta ji tsit. Ta leƙa ta ce wa mai walda ya kunna injinsa. Ya kunna. Tsit.

Ranar Alhamis ta rufe shago ta bi su situdiyo. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, an manna soso a bangonsa, da gilashi tsakanin makaɗa da mai ɗaukar sauti. Mai situdiyo ya ga jar jitar da sirarun fikof ɗinta uku suna nan yadda suke, sai fuskarsa ta canja.

"Hajiya, ba a sa hambakan ba?"

"Ga kayanka, mun gode." Ta miƙa masa hankicin. "Jona ka ji."

Ya jona, ya sa abin sauraro a kunne, ya tura wani maɓalli sama. Ya duba waya ko ta zauna. Ya ƙara turawa. Sai da Baba ya ja tsirkiya ɗaya, mutumin ya zabura ya cire abin kunnen.

"Ikon Allah! Me kika yi mata?"

"Naɗi."

Kiɗa biyar suka ɗauka lafiya lau. A na shida Baba ya ce wannan sai da fikof na ƙasa shi kaɗai, don a nan ne kaifin yake gaba ɗaya. Yana tura makunnin, ƙugi ya leƙo, bai kai na da ba amma ana jin sa. Mai situdiyo ya buɗe baki zai yi magana, Injiniya ta ɗaga masa hannu, ta shiga ɗakin. Ta kama kafaɗun Baba tana juya shi a kan kujera sannu sannu, tana sauraro. Da ya fuskanci kusurwar da ke kusa da ƙofa, ƙugin ya nutse har ya kusa ɓacewa. Ta yagi salatif ta manna a ƙasa daidai ƙafafunsa.

"Nan za ka fuskanta, Baba. Kada ka juya."

"Bango zan yi wa kiɗa?"

"Bangon ma ya yi sa'a."

Ya riƙo hannunta kafin ta fita, ya yi ƙasa da murya yadda sauran ba za su ji ba, ko da yake kowa ya ji.

"Zauna inda zan hango ki ta gefen ido. In wani abu ya karkace, ki ɗaga yatsa. Ba na so yaron nan ya riga ki faɗa."

Ta jawo kujera ta zauna. Kawu ya ƙirga, ganga ta shiga, Baba ya bi. Daga farko har ƙarshe ba ta ɗaga yatsa ba. Ta cikin gilashi ta ga mai situdiyo ya saki maɓallansa ya naɗe hannu a ƙirji, yana kaɗa kai kamar ya manta aiki yake yi.

Maganar asibiti ita ta fi naɗin wuya. Sati biyu Baba yana zillewa, yau ƙafa ke ciwo, gobe yana da baƙi. Ranar da Umma ta ɓoye wayar rediyo ta ce ba za ta fito da ita ba sai ya je, ranar ya sa hula. Likitar kunne ta gwada shi, ta ce ƙugin ciki ba lallai ya tafi duka ba, amma jin zai ƙaru sosai. Aka ba shi ƴar na'ura mai kamar ƙwayar wake a kowane kunne.

Da suka koma ƙarasa sauran kiɗan, Injiniya tana zaune a gefe, ba a yi minti ɗaya da farawa ba Baba ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya waiwayo yana dube-dube.

"Wane ne ke huci haka kamar bijimin sa a bakin rijiya?"

Mai situdiyo ya sunkuyar da kai. Sannu a hankali idanu suka koma kan Kawu.

"Kai ne? Dama haka kake yi in kana kiɗa?"

"Shekara arba'in," in ji Kawu. "Da can kana ji kana haƙuri."

"To haƙurin ya ƙare. Uwata, duba mini shi, ko shi ma akwai abin da za a naɗa masa baibai."

Kawu ya jefe shi da hula. Sai da aka ba su minti biyar suka gama dariya, sannan aka sake ƙirgawa daga farko.